Ƙarfin durowar akwatin kayan aiki: abin da na gani a Amurka

Maigida, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da yaran da ke hannunku. Ranar da muka yi magana ta bidiyo kun hango manyan akwatunan nan jajaye da baƙaƙe jere a bayana, kuka ce in gaya muku wanne ya fi ƙarfi. Na roƙi ku ba ni lokaci in rubuta, domin maganar ta fi ƙarfin waya. Ga ta nan, kuma na sa ta inda sauran 'yan'uwa makanikai za su gani su ƙaru.

A galibin garejin Amurka bakanike shi ke da kayan hannunsa. Mai gareji zai samar da injin ɗaga mota da iska da manyan na'urori, amma sifana da soket da filaya da guduma naka ne, akwatin da za ka zuba su ma naka ne. Shi ya sa akwati yake da daraja a wurinsu. Wani tsawonsa ya fi ƙafa shida, yana kan tayoyi, kuma ranar da mai shi zai canja wurin aiki sai an kira motar janwe ta ɗauka. Da na zo, fenti da ƙyalli suka fara jan idona. Sai da na yi asara kafin na gane cewa rayuwar akwati tana cikin wasu siraran ƙarafa guda biyu da ke gefen kowace durowa, waɗanda take gudu a kansu. Ni ina ce musu layin durowa.

Akwatina na farko a wani kanti na saye shi, sabo fil, durowa tara. Na zaɓi wata mai faɗi na jera soket ɗina kaf a ciki, ƙanana da manya, har da baƙaƙen nan masu kauri da ake ɗaura wa bindigar iska, wato na'urar kwance noti da ke aiki da iska. Wata huɗu lafiya lau. Daga nan durowar ta fara nauyin ja, in na tura ta sai ta tsaya saura ɗan yatsa, sai na sa gwiwa. Wata safiya na jawo ta har ƙarshe, na ji ƙas, gefen hagu ya sunkuya, 'ya'yan boris, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke cikin layin, suka zubo suna gangara ƙarƙashin motar da nake gyara. Da na ciro layin na duba, ƙarfen tsakiya ya buɗe baki kamar an sa masa sifana an murɗa. Wani dattijo da muke aiki tare ya kawo sikelin awon mutum, muka juye soket ɗin a bokiti biyu muka auna. Kilo 58. Takardar da ke manne cikin murfin akwatin ta ce kowace durowa laba 75, wato kilo 34. Na kusa ninka mata kaya ban sani ba.

Maigida, ku riƙe wannan lissafin, don shi ne mabuɗin komai. Amurkawa da laba suke awo, kuma laba 100 kilo 45 ne da ɗan ɗoriya. Ƙarfe kuwa ido ba ya iya kimanta shi. Lita ɗaya ta ƙarfe zalla ta kusa kilo 8. A ce durowa faɗinta mita ɗaya ne, tsawonta zuwa ciki rabin mita, zurfinta santimita 5: cikinta lita 25 ke nan. Ko rabinta kawai ƙarfe ya cika, sauran iska ce tsakanin kaya, an tasam ma kilo 100. Durowar da za ka kalla ka ce ai siririya ce, ita ce ta fi saurin cutuwa, domin soket da sifana a jere suke cika ta ba tare da sun bar fili ba.

Kayan da ake sayarwa a nan zan iya kasa su uku, gwargwadon yadda na gan su kuma na taɓa su.

Akwai na manyan kantuna. Husky na kantin Home Depot ne, Kobalt na Lowe's, US General na Harbor Freight. Craftsman tsohon suna ne, na kamfanin Sears tun 1927, kafin Stanley Black & Decker ya saye shi a 2017. Masu kyau a cikin waɗannan yawanci za ka ga an rubuta laba 100 ko 120 a kan kowace durowa. Zurfafan durowoyin ƙasa kuma sukan sa musu layi bibbiyu a kowane gefe, ƙarfin ya ninku zuwa laba 200 ko sama da haka. Kowane suna yana da na sama da na ƙasa, kuma na ƙasa-ƙasa wasu laba 50 ne ko ma ba su kai ba. Saboda haka suna kaɗai ba ya wadatarwa, sai an karanta lambar samfurin da ke gabanka.

Sai na motocin kayan aiki, kuma wannan tsari ne da ya burge ni tun zuwana. Snap-on, wanda aka kafa a 1920 kuma hedikwatarsa ke Kenosha a jihar Wiskonsin, ba ya jiran ka je kanti. Dillalinsa ke zuwa gareji da babbar mota kowane mako, cikinta kamar shago, ka hau ka zaɓa. Haka Mac Tools da Matco da Cornwell suke yi. Bakanike kan ɗauki kaya ya riƙa biya mako-mako. Akwatunansu sun fi kauri, walda ta fi yawa, in ka jawo durowa cike da ƙarfe sai ta biyo hannunka salin-alin. Tsadarsu kuma ta ninka ta kanti sau da yawa, kuma na ga samari sabbin shiga sun ɗaura wa kansu bashin shekaru a kan akwatin da rabinsa fanko ne. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yaron da bai gama haɗa kayan aiki ba, kayan ya kamata ya fara saya. Abin da na yaba a tsarin shi ne mutum ɗaya kake gani duk mako. Layi ya lalace, ka nuna masa, ya rubuta lambar, wani zuwan ya taho da shi. A kanti sai ka kira lambar waya ko ka cika takarda a intanet, ka zauna jira, kuma in an daina ƙera samfurin samun layinsa kan yi wuya.

Na ukun su ne na masana'antu, irin Lista, wanda asalinsa kamfanin Suwizalan ne, da Vidmar. Ba su da ado, launinsu toka-toka ko shuɗi, yawanci a kafe suke wuri ɗaya. Amma durowar Lista mai ƙarfi kilo 200 take ɗauka, ta Vidmar laba 400, kusan kilo 180, kuma a buɗe har ƙarshe. Na taɓa shiga wani wurin gyaran manyan injuna na ga durowa guda cike da haƙoran giya da sandunan ƙarfe, wani ya jawo ta da hannu ɗaya. Na tsuguna na leƙa ƙarƙashinta. Ba a gefe kawai aka rataye ta ba, a kan wani firam take zaune mai manyan boris, nauyin yana sauka a kansa. Da yawansu kuma an yi musu wata dabara: muddin durowa ɗaya na buɗe, sauran ba za su buɗu ba. In masana'anta ta rufe akan yi gwanjon irinsu, kuma makanikan da suka san dawan garin can suke nufa.

To, lambar da ake rubutawa tana da sharaɗin da mai talla ba ya faɗa da ƙarfi. Ana nufin kayan a baje suke daidai ko'ina cikin durowar. In ka tara masu nauyi a bakinta, wajen mariƙi, ka jawo ta waje, abin ya zama kamar ka riƙe bokitin ruwa ka miƙe hannu. Bokitin bai ƙara nauyi ba, amma kafaɗa ta san an miƙe. 'Yan ƙwallayen da suka rage cikin layin su ke shan wannan wahalar duka. Don haka masu nauyi a baya ake sa su, kusa da gefe, marasa nauyi a gaba. Haka kuma lambar ba ta lissafa mutumin da zai dafa durowa ya miƙe tsaye ba, ko wanda zai jefa guduma ciki daga nesa, ko mai bugo ta da ƙafa. Na sha ganin bidiyon talla inda ƙato ke hawa kan durowa ya tsaya. Tsayuwar minti ɗaya ba ta nuna komai game da buɗewa da rufewa sau talatin a yini har shekara goma.

Layi ma ba shi kaɗai ba ne. Kaurin farantin da aka lanƙwasa aka yi durowar yana da nasa. Suna auna shi da geji, kuma lissafinsu a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Geji 22 bai kai milimita ɗaya ba, geji 20 kusan 0.9 ne, geji 18 kusan 1.2, geji 16 kusan 1.5. A takarda bambancin kamar ba komai, amma a durowa mai faɗin mita ɗaya shi ke sa gindinta ya yi ciki ya riƙa gogar ta ƙasa, ko da layin lafiyarsa ƙalau. Wasu kamfanoni kan faɗi gejin jikin akwatin su yi shiru a kan na durowa. Masu kirki sukan yi wa doguwar durowa ƙarin ƙarfe a ƙasa kamar haƙarƙari, su ninke bakin farantin sau biyu. Ni yanzu in na shiga kanti, doguwar nake fara jawowa har ƙarshe, in kama kusurwa biyu in ɗan murɗa. In ta bi hannuna ta karkace, na gama da ita. Sai in danna tsakiyar gindinta da tafin hannu, in girgiza ta hagu da dama in ji yawan wasan da ke cikin layin, in leƙa yadda aka kama layin da bangon akwatin.

Tsofaffin akwatuna da yawa ba su da boris sam, ƙarfe ne ke zamewa kan ƙarfe. In sun yi nauyi ja yakan yi wuya, amma ba su da 'ya'yan da za su zube, kuma ɗan mai kaɗan ya ishe su. Dattijon nan da ya kawo sikeli irin wannan tsohon akwatin yake da shi, ya ce tun yana saurayi yake tare da shi. Ban raina su ba ko kaɗan, musamman ga wurin da ƙura ta yi yawa, domin ƙura in ta haɗu da giris a cikin boris sai ta zama kamar yashi tana cin ƙarfen.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kifewa. Na ga ya faru sau ɗaya, kuma ba na fatan in sake gani. Wani abokin aiki yana neman abu cikin gaggawa, ya buɗe durowa uku na sama ya bar su, duk cike. Ƙasan wurin akwai ɗan gangare zuwa magudanar ruwa. Akwatin ya ɗaga tayoyin baya a hankali, sauran durowoyin suka zamo da kansu, ya taho gaba ɗaya. Allah ya kiyaye ya yi tsalle gefe, amma da ƙafarsa ta shiga ƙarƙashi da wani labarin ake yi. Tun ranar na mayar da duk wani abu mai nauyi ƙasa, ba na buɗe biyu lokaci guda, kuma ba na tura akwati sai na kulle shi. Shi ya sa na fi son durowa mai sakata a mariƙi, wadda sai ka ɗaga ko ka ja wani abu take buɗewa, a kan wadda ɗan roba ne kawai ke riƙe ta a baya. Robar tana cinyewa.

Sannan a duba jimillar da akwatin kansa ke ɗauka, don tana da lambarta dabam. Durowa goma masu laba 100 ba lallai su ba ka laba 1,000 ba, in tayoyin da farantin da aka ɗaura su a kai ba su kai ba. Na ga akwatin da durowoyinsa lafiya, amma gindinsa ya lotsa wajen taya har ya daina tafiya miƙe.

Da za ku bi shawarata, Maigida, mai kyau daga cikin na manyan kantuna ya ishe ku: mai laba 100 zuwa 120 a kowace durowa, layi bibbiyu a zurfafan, faranti geji 18 in an samu, kuma kada durowar ta cika faɗi. Matsakaita biyu gefe da gefe sun fi doguwa guda juriya. Wanda nake aiki da shi yanzu irinsa ne, shekara ta huɗu ke nan. Soket ɗin nan masu kilo 58 na raba su durowa biyu, manyan a ta ƙasa mai layi huɗu. Sau biyu a shekara nake zare kowace durowa, in goge layin da tsumma, in shafa farin giris kaɗan, in ɗaure abin da ya saki.

In kuma kun fi son a haɗa muku na walda, to a sayi layin tukuna, a gina akwatin a kansa. Ana sayar da su dabam, ma'aurata, wato na hagu da na dama, kowanne da lambar nauyinsa da tsawonsa a inci, har da masu ɗaukar laba 500. Bangon akwatin dole ya zama a miƙe sosai, domin in ya kauce ko da milimita biyu ne layin zai riƙa cijewa. Ku sa yara su juye kayan kowace durowar da kuke so a bokiti su auna, ku turo min kilo nawa ne, tare da tsawo da faɗin wurin da za a ajiye shi. Da wannan zan san irin layin da zan nemo, kuma zan haɗo da ƙarin ma'aurata biyu na ajiya. Ku gaishe min da kowa da kowa.