Faifai a fayil: wace manhajar draif ta dace da shagon ƙauye?

Duk mai shagon kwamfuta a ƙauye ya san abin da hunturu ke yi wa draif ɗin faifai. Ƙura ta shige, idon karatun ya dushe, ka ji yana gurnani kamar injin markaɗe amma ba ya karanta komai. A shagona da ke gefen Ringim sau biyu na canja shi. Sababbin laftof kuwa ba sa ma zuwa da shi. Ga kuma tsofaffin manhajoji, irin wadda nake koya wa yara buga rubutu da ita, da ba sa buɗewa sai sun ga faifansu a ciki.

Maganin shi ne ka juye faifan ɗungurungum zuwa fayil guda, galibi ISO, sannan ka sa wata manhaja ta nuna wa kwamfuta wani draif na gaibu mai ɗauke da shi. Kwashe fayilolin zuwa folda ba ya isa, domin manhajar draif take nema, wani lokaci har da sunan faifan.

In kana kan Windows 8, 10 ko 11, fara gwada na gida: danna fayil ɗin ISO sau biyu, sai draif ya bayyana. Ba kuɗi, ba data. Sai dai bai san BIN da CUE ba (wani nau'in fayil ɗin faifai ne ban da ISO), ba ya juye maka faifai, kuma Windows 7, wadda har yau ita ce a kan rabin kwamfutocin da ake kawo mini gyara, ba ta da shi.

Ni dai WinCDEmu nake so, ba na ɓoyewa. Kyauta ce, ba talla, kuma ƙarama ce ƙwarai, ko da sabis ɗinmu mai zuwa yana ɗaukewa za ka sauke ta. Tana buɗe nau'ikan fayil ɗin faifai irin su ISO, CUE, NRG, MDS da CCD. Sai dai a sani: faifan da ya haɗa manhaja da waƙoƙin sauti, ISO ba ya riƙe ɓangaren sautin, sai irin su BIN da CUE, kuma WinCDEmu ba ta kunna wannan sautin. Tana juye faifai zuwa ISO in ka danna draif ɗin da maɓallin dama, akwai kuma samfurinta da ake yawo da shi a filashi. Abin da ya fi saye ni shi ne tana tambayarka harafin draif. Na taɓa ɓata yammaci guda, janareta na shan mai, yara shida na zaune a benci suna kallona, manhaja na ta cewa a saka faifai alhali ga shi a ɗore. Ashe daga D aka girka ta, ni kuma na ɗora a F. Ina mayar da shi D ta buɗe.

Sauran fa? Virtual CloneDrive ba laifi, amma ɗorawa kawai take yi. Daemon Tools Lite ta kyauta da talla take zuwa, ta kuma yi wa tsohuwar kwamfuta nauyi. PowerISO da UltraISO, in ba ka biya ba, ba za su haɗa maka fayil da ya wuce 300MB ba, alhali CD na ɗaukar 700MB, DVD kuwa 4.7GB. To me aka yi ke nan?

Wannan iyakar ce ma ta jefa ni rami. Wani mai shago a birni ya zuba mini “cikakkiyar” ɗaya daga cikinsu wadda aka fasa a filashi, ya ce, “Malam, kashe antibairos kafin ka girka, ƙarya yake yi.” Na kashe. Washegari duk filashin da aka soka a kwamfutar sai foldojinsa su ɓuya, gajerun hanyoyi (shortcut) su maye gurbinsu. Wani ɗalibi da ya kawo aikinsa na kammala makaranta har hawaye ya yi kafin mu tono shi. Don haka duk wanda ya ce ka kashe antibairos, tashi ka bar masa shagonsa. A shafukan saukewa kuma, wannan ƙaton koren maɓalli mai ƙyalli yawanci talla ne. Je shafin masu manhajar kai tsaye. Fayil ɗin ISO kansa na iya ɗauke da cuta, a duba shi kafin a ɗora. In an ce DVD ne amma girmansa bai kai 20MB ba, da walakin. Har faifan da za ka juye, kifa shi ka duba: na kamfani bayansa fari ne kamar azurfa, DVD ɗin da aka ƙona a shago kuwa shunayya yake yi, komai kyan hoton da aka manna masa.

Akwai faifan da wannan maganin ba ya yi masa aiki. Tsofaffin wasanni masu kariyar hana kwafi ta SafeDisc ba sa tashi a Windows 10, ko da faifan asali a hannunka, kada wani ya karɓi kuɗinka a kan zai gyara. Sauran kuwa, ka aro draif na USB ko na yini ɗaya ne, ka juye faifanka tun bai karce ba, ka rubuta harafin da aka girka shi a jikin sunan fayil ɗin, ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a filashin da ba ka ba kowa aro.