Nazarin wasannin Tigran Petrosian a shafin Lichess

Na shafe makonni ina amfani da allon nazari na Lichess, wani shafin intanet na wasan darar ces, domin bin sawun wasannin Tigran Petrosian, Ba'armeniyen da aka haifa a Tibilisi a 1929, wanda ya yi maraici a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har ya share tituna don ya samu abin kaiwa baki, daga bisani ya karɓe kambun duniya na wasan darar ces daga hannun Mikhail Botvinnik a 1963.

Shafin kyauta ne, babu talla ko ɗaya a cikinsa. Mutum zai iya shigar da kowane tsohon wasa, ya bi shi taku bayan taku, ya rubuta nasa sharhin a gefe, sannan ya adana shi don komawa gare shi. Wannan tsari ya dace da Petrosian ƙwarai, domin wasansa yana buƙatar haƙuri da maimaitawa. Hikimarsa ita ce ya hango abin da abokin karawarsa ke shirin yi tun yana nesa, ya toshe hanyar tun kafin shi kansa mai shirin ya gama tsara shi. Wannan ne ya sa ake masa laƙabi da Tigran na Ƙarfe, kuma a wasanni 129 da ya buga wa Tarayyar Sobiyet a gasar Olimfiyad, wato gasar ces ta tsakanin ƙasashe, sau ɗaya tak aka ci shi.

Inda na fi daɗewa shi ne karawarsa da Samuel Reshevsky a Zurik a 1953. A taku na 25, yana cikin matsi, ya miƙa hasumiyarsa, ɗaya daga cikin manyan 'ya'yan darar, da gangan domin a cinye ta da ɗan dara mai ƙaramar daraja, saboda kawai dokinsa ya samu mazauni a tsakiyar allo inda babu mai iya tayar da shi, kuma wasan ya ƙare canjaras. Na mayar da allon baya sau da yawa kafin na fahimci cewa filin da ya saya ya fi abin da ya bayar daraja.

Shafin yana da manhajar Stockfish mai auna kowane taku, kuma tana da amfani wajen gano kuskure. Sai dai lambar da take nunawa ba ta bayyana dalilin da ya sa Petrosian ya zaɓi takun da ya yi kama da zaman banza, don haka ina ba mai nazari shawarar ya kashe ta tukuna, ya yi nasa tunanin, sannan ya kunna ta. Da haka na bi karawarsa da Boris Spassky a 1966, wadda ya kare kambunsa a cikinta, yanzu kuma na shiga ta 1969 da Spassky ya karɓe shi.