Gargaɗi ga masu shirin biki a Damagaram: mai bidiyon da ya sayar wa gida uku rana ɗaya

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, don manyan gidanmu sun ce a bar wa Allah. Na bar wa Allah. Sai dai ga Sha'aban ya ƙarato, kowace unguwa ana ta rabon goro da katin gayyata, kuma na san ko a makon nan akwai uwar da za ta kwance kuɗin adashenta ta miƙa wa mutumin da ya cuce mu, ko wani mai irin halinsa. In na yi shiru aka sake cutar wani gida, ni ma da alhakina a ciki.

Bikin autarmu aka yi bayan kaka, aka ɗora mini maganar hoto da bidiyo. A TikTok na fara ganin aikinsa, daga baya na tarar yana da shafi a Facebook. Bidiyoyi ne masu ɗaukar ido, an ɗauko ayarin motoci daga sama da dron, fitila ta haske amarya kamar a fim. Na kira lambar, washegari sai ga shi a gidanmu a Sabon Gari da jakar kamara a kafaɗa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna. Magana a bakinsa kamar zuma. Muka yi ciniki a kan jika 150 na kwana uku, kamu da ɗaurin aure da kai amarya, da alkawarin kamara biyu da dron, a haɗa komai a kile, wato ƴar na'urar ajiya da ake sokawa a kwamfuta, cikin mako biyu.

Da aka zo maganar abans sai ya ce, "Hajiya, wallahi gida biyu ke nemana a wannan Asabar ɗin, amma ke na ɗauke ki kamar yayata. Ki ba da jika 100 in kama miki ranar." Na ce a rubuta takarda, ya yi murmushi ya ce, "Haba Hajiya, tsakanina da ke har sai an yi rubutu?" Sannan ya ce kar in ba shi a hannu, in tura ta kamfanin aika kuɗi da sunan ƙanensa, wai katinsa na ɗan ƙasa ya ƙare aiki. Na tura. Resin da ke hannuna yau ba sunansa ne a kai ba, kuma wannan shi ne abu na farko da ya fake da shi ranar da aka zaunar da shi.

Ranar kamu ya zo da kansa, ya yi kamar awa ɗaya yana kai da kawo, kowa ya gan shi. Daga nan ya ce batir ya mutu, bari ya ɗauko wani. Bai dawo ba, sai wani yaro da bai fi shekara 17 ba ya turo. Ranar ɗaurin aure tun da sassafe maza suka cika ƙofar gida, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino, aka watse, sannan yaron ya sauka daga kabu-kabu. Dron kuwa wai hazo ya hana a tashe shi.

Daren kai amarya ne ya sa nake wannan rubutu. Kakarmu ce ta goya yarinyar nan tun daga yaye. Tana fama da ciwon ƙafa, amma ta ce ko a ɗauke ta ne sai ta zo daga Mirya ta miƙa jikarta da hannunta. Da aka lulluɓe amarya za a fita da ita, Kaka ta sa aka zaunar da ita a gabanta, ta riƙe hannunta mai lalle, ta yi mata nasiha ta fi ta minti goma, ta kira sunayen iyayenta da kakanninta ɗaya bayan ɗaya tana sa mata albarka. Ɗakin ya yi tsit, sai shessheƙa. Yaron yana tsaye a bakin ƙofa da kamara a kafaɗa, fitila a kunne. Ƴan matan gidanmu suka ɗaga wayoyi, ni da bakina na ce su sauke, ba na son hoton matan aure ya yi yawo a gari, kuma ai ga mai kamara yana ɗauka. Suka sauke. Kwana 40 bai cika ba Allah ya karɓi ran Kaka. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.

A daren nan mutumin ya bayyana wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ya ce a cika masa jika 50 ya sayi kile ya biya mai montaj, wato mai harhaɗa bidiyon. Na cika. Mako biyu ya wuce, uzuri ya fara: yau babu wuta, gobe kwamfuta ta lalace an kai ta Kano, jibi an yi masa rasuwa a Tanut. Da ya ji rasuwar Kaka sai ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma tare da kawunnanmu ya shafa addu'a. Bayan sadakar bakwai ya kira ni ya ce, "Hajiya, faifan da ke ɗauke da aikinku ne ya mutu. Akwai wani gwani a Kano da zai iya ciro komai, har wurin da marigayiya take magana, amma jika 40 yake nema." Ya san inda ke mana ciwo, can ya danna. Inna ta sayar da tunkiyarta muka ba shi.

Wata biyu da rabi bayan biki ya aiko da kile an rubuta giga 64 a jikinta. Minti 11 na ranar kamu ne kawai ya buɗe. Ɗan yayana da ke karatu a Jami'ar André Salifou ya gwada ta a kwamfutarsa, ya ce kilen ta jabu ce, irin wadda ake yi wa dabara ta nuna babban wuri alhali cikinta ƙarami ne. In aka zuba mata abin da ya fi ƙarfinta, sunayen fayil za su fito reras, amma babu komai a ciki. Ya duba sunayen da kwanan watansu, babu ko ɗaya na daren kai amarya.

A wajen wani suna ne asirinsa ya tonu. Ina ba da labari sai wata baiwar Allah daga Zango ta dafe ƙirji ta tambaye ni wace Asabar ce. Ranar bikin ɗanta ce, mutumin ɗaya, alkawarin ɗaya, har da maganar "na ɗauke ki kamar yayata". Ta hanyarta muka gano gida na uku a Garin Malam. Da muka samu yaron, bai ɓoye mana komai ba, har kuka ya yi. Ya ce maigidan nasa ba shi da kamara, haya yake ɗauka. Dron bai taɓa mallaka ba. Katin memwar biyu gare shi, in ɗaya ya cika sai a goge a shiga gida na gaba. A daren da Kaka take magana, katin da ke cikin kamarar ya cika tun a Zango, an ce masa ya kunna fitila ya tsaya kawai don kar a gane. Jika 2 aka biya shi ladan tsayuwar.

Maganar gwanin Kano ma ƙarya ce tsagwaronta. Gaskiya ne in an goge kati ana iya dawo da abin da ke kai, matuƙar ba a sake ɗaukar wani abu a kansa ba. Da zarar an ɗora sabon biki a kan tsohon, shi ke nan. Abin da ba a ɗauka ba tun farko kuwa, babu gwanin da zai ciro shi. Bidiyoyin tallar da suka ja ni, da muka sake kallonsu a natse, motocin ayarin lambar Najeriya ce a jikinsu, zauren bikin babu irinsa a garin nan, kuma an yanke gefen hoton daidai inda tambarin mai aikin na asali yake.

Mutanen Garin Malam abin da ya same su ya fi namu muni ta wata fuskar. Su ya ɗauki kamunsu da kyau, sai ya yanko wurin da ƙawayen amarya ke rawa a tsakar gida, wasu babu gyale, ya sa a TikTok yana tallar kansa. A cikinsu akwai matar aure, maganar ta kai har gaban surukanta. Da aka ce ya cire, sai ya ce sai an ƙara masa kuɗi. Duk wanda zai shigar da namiji baƙo da kamara cikin taron mata ya tuna da wannan. Akwai mata masu ɗaukar hoto a garin nan, a neme su don ɓangaren cikin gida.

Wasu za su ce in faɗi sunansa. Ba zan faɗa ba. Nijar tana da dokar laifuffukan intanet tun 2019, kuma gyaran da aka yi mata a 2024 ya dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet. Maganarmu tana gaban hukuma, ba zan ba shi sandar da zai dake mu da ita ba, kuma ina ba waɗanda ya cuta shawara su kai ƙara maimakon baza hotonsa a gurup-gurup na WhatsApp. Banda haka sunan ba zai amfane ku ba, don ya riga ya canza sunan shafin da lambar waya. Bidiyoyin ne dai bai canza ba. Salonsa za ku riƙe: gaggawar a kama rana, ƙin rubutu, da tura kuɗi da sunan wani.

Da za a mayar da ni baya, ba zan kalli guntun bidiyon minti ɗaya in yanke shawara ba. Zan ce ya nuna mini biki guda cikakke daga farko har ƙarshe, na wani gida a Birni ko Karkada ko duk inda ƙafata za ta iya kai ni, in je in tambayi uwar amarya da kaina yaushe aka kawo musu aikinsu. Mai aikin gaskiya yana jin daɗin wannan tambayar. Zan je shagonsa in tambayi maƙwabtansa shekara nawa ya yi a wurin. Abans kuma ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, hannu da hannu, gaban shaidu biyu.

Rubutu kuwa babu kunya a cikinsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A rubuta cikakken sunansa da lambar katinsa, da wanda zai riƙe kamara da kansa kowace rana, da ƙarfe nawa zai zo, da cewa ba shi da wani biki a wannan lokacin, da ranar kawo aiki, da cewa ba zai sa ko daƙiƙa ɗaya a intanet ba sai da izinin gidan. In ya ce tsakaninku ba sai an rubuta ba, ku sallame shi da fatan alheri.

Abin da ya fi komai, wanda wani mai bidiyo na kirki ya koya mini bayan aikin gama ya gama: kowace rana kafin mai kamara ya bar gidan, a kwafe ɗanyen abin da ya ɗauka a kwamfuta ko faifan da ku kuka saya da kanku, a buɗe a gani. Montaj ya biyo baya a natse. Bidiyo mai kyau na awa ɗaya yana cin giga da yawa, don haka in aka ce an zuba muku ɗanyen aikin kwana uku a ƴar ƙaramar kile, ku yi shakka. In ta WhatsApp za a turo, a turo shi a matsayin fayil, don in aka tura shi kai tsaye manhajar tana matse shi hoton ya dushe. Cikon kuɗi sai an kalli kowane fayil har ƙarshensa. Sannan a ware mutum ɗaya amintacce a dangi ya ɗauki fatiha da nasihar iyaye da wayarsa, ko da masu kamara goma ne a wurin.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Shi wannan bawan Allah da na ambata, da ya ji labarinmu, ya tattara minti 11 ɗin da guntayen da abokan ango suka ɗauka a waya, ya haɗa wa ƙanwata wani abu mai kyau na minti 25, bai karɓi ko dala ba. Irinsu ne wancan yake zubar wa mutunci.

Inda maganar take yanzu: gidajen uku mun je gaban mai unguwa, aka kira shi, ya fara musu saboda resin ba sunansa ba ne, sai da yaron ya ba da shaida sannan ya amsa. Ya sa hannu zai mayar da kuɗi kashi-kashi. Mu jika 30 ya kawo cikin 190, daga nan wayarsa ta mutu. Mun kai ƙara komisariya, wato ofishin ƴan sanda, da takardar da ya sa wa hannu da saƙonnin muryarsa, don haka duk wanda ya cuta ya adana nasa saƙonnin, kar ya goge.

Ina da roƙo ɗaya ga matan da suka raka amarya a daren nan, na Sabon Gari da waɗanda suka zo daga Mirya da Matamaye. Na san na ce a sauke wayoyi. In akwai wadda ba ta ji ni ba, ko ta ji ta ci gaba da ɗauka a ɓoye, wallahi babu faɗa, godiya ce. Ko murya ce kawai ba hoto, ko ta rabin minti ce, ki kawo wa Inna ko ki ba duk wanda kika sani a gidanmu. Ƙanwata tana da ciki yanzu, kuma ta ce kuka ya hana ta jin rabin abin da Kaka ta faɗa mata.