Old English Game da Modern Game: inda suka haɗu da inda suka rabu

Ɗan'uwa, ka ce ka ga hotunan zakaru biyu daga wata gasar kaji a Ingila, ɗaya gajere kakkaura an rubuta masa Old English Game, ɗaya dogo siriri kamar zalɓe an rubuta masa Modern Game. Kana son sanin ko iri ɗaya ne, kuma ko har yanzu ana haɗa su faɗa. Kakansu ɗaya ne. Doka ce ta fara raba su, idon alƙalan gasa ya ƙarasa aikin.

Kalmar Game da ke cikin sunayensu, a bakin masu kiwon kaji na can, tana nufin zakaran faɗa. Turawan Ingila sun yi ɗaruruwan shekaru suna haɗa zakaru ana caca a kai, daga talaka har basarake. Sarki Henry na Takwas ma sai da ya gina wa wasan fili a fadar Whitehall. A 1835 majalisa ta haramta shi a Ingila da Wales, aka ƙara tsaurara dokar a 1849, Sikotilan ta biyo baya a 1895. Mu dai ba sai an yi mana doka ba, don hanin zuga dabbobi su yi faɗa yana nan cikin hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. To a can masu zakaru suka wayi gari da kajin da suka gada kaka da kakanni, ba filin da za a kai su. Sai ga wata ƙofa ta buɗe: a 1845 aka yi babbar gasar nuna kaji a gidan namun daji na Landan, a 1865 kuma aka buga littafin farko da ya fayyace siffar da kowane iri zai kasance da ita.

A nan labarin ya ɗauki wata hanya. A filin faɗa ba ruwan kowa da kyan zakara, wanda ya rage a tsaye shi ne gwani. A zauren gasa kuwa kaza tana cikin keji, alƙali yana kallo, kuma wanda ya fi tsayi shi ya fi ɗaukar ido. Da masu kiwo suka lura dogaye ke cinye kyauta, sai suka shigo da jinin Malay, wani dogon iri daga Asiya, suka yi ta zaɓen masu dogayen ƙafafu da dogon wuya. Daga wajen 1850 zuwa ƙarshen ƙarnin, zakaran ya canza kama gaba ɗaya: ƙafafu zaƙo-zaƙo, kafaɗa mai faɗi, jiki yana tsukewa zuwa baya, gashi gajere a lafe kamar an shafa masa mai, wutsiya 'yar siririya a matse. Wannan shi ne Modern Game. Yana ɗauke da sunan faɗa, amma ba a taɓa yin sa don faɗa ba. Har horo ake ba shi, ana ɗaga masa ɗan abinci sama don ya saba da miƙe wuya in alƙali ya tsaya a gabansa.

Tsofaffin masu kiwo abin bai yi musu daɗi ba, suna ganin an lalata musu kaza. Suka kafa ƙungiya a Oxford a 1885, wata kuma ta biyo a 1887, don a riƙe tsohuwar siffa. Abin da suka riƙe shi ne Old English Game: ƙafa matsakaiciya mai ƙarfi, ƙirji cike, fukafukai manya, wutsiya a baje, tsoka tauri kamar dutse. Shi ba a gane shi da ido kawai, sai an ɗauke shi an ji yadda ya zauna a hannu. Daga baya su ma suka rabu gida biyu wajen 1930, aka sami samfurin Oxford da samfurin Carlisle. Na Oxford ya fi sauƙin jiki da zafin nama, bayansa a karkace, launukansa sun kai talatin. Na Carlisle ya fi faɗi da nauyi, bayansa a shimfiɗe, wato shi ma gasa ta ɗan taɓa shi.

Ta wajen nauyi, babban zakaran Modern yana kai kilo 3.2 zuwa 4.1, na Oxford kuwa kilo 1.8 zuwa 2 da rabi ne. Sai dai babban Modern ya yi ƙaranci ƙwarai a yau. Wanda ka gani a hoto, mai yiwuwa ɗan ƙaramin ne da ake kira bantam, wanda nauyinsa bai wuce giram 600 da 'yan kai ba.

Halinsu ne ya fi bambanta, kuma nan ne ya kamata mai son kiwo ya tsaya. Modern yana da saurin sabo da mutum, ana ɗaukarsa ba gardama, amma gajeren gashinsa bai kare shi daga sanyi, kuma ƙwai kaɗan macen ke yi. Old English kuwa shekaru kusan ɗari biyu na haramci ba su cire masa zuciya ba. Zakaru biyu manya ba sa zama akurki ɗaya, in ka haɗa su sai ɗaya ya kwanta. Hatta 'yan tsaki kan fara gwada juna tun suna ƙanana. Amma macen uwa ce ta gaske: tana kwanci, tana ƙyanƙyasa, shaho bai isa ya sauko kan 'ya'yanta cikin sauƙi ba. Suna kiwo da kansu, suna tashi sama, suna kwana kan bishiya. Duk wanda ya girma da kajin Hausa a tsakar gida zai gane wannan hali nan take, kuma shi ya sa ni zuciyata ta fi karkata ga na Oxford. Modern ina yaba ƙwarewar da aka zuba a kansa, amma kaza ce da ba ta iya rayuwa sai da hannun mai ita.

Abu ɗaya da ke damuna a kansu duka biyun shi ne yanke zanko da jan naman da ke reto a ƙarƙashin baki. A da ana yi ne don kada abokin faɗa ya sami abin kamawa. Faɗa ya wuce, yankan ya zauna, har ƙa'idar gasa a Amurka tana neman a kawo zakarun a yanke. Wasu ƙasashen Turai sun hana, kuma ina ganin sun yi daidai, tunda dalilin yin sa ya riga ya kau.

Akwai ɗan'uwansu na uku da ba ka tambaya ba, amma shi ya fi kusa da mu. A yankin Cornwall da Devon an haɗa tsohon zakaran Ingila da Malay da Asil na Indiya, wanda sunansa daga Larabci yake, tushe ɗaya da kalmarmu ta asali. An so a sami gwarzon faɗa, sai aka sami kaza mai faɗin ƙirji, gajeriyar ƙafa, mai nauyin jiki, ba ta tsinana komai a fili ba. Ita ce Indian Game, Amurkawa suka sa mata Cornish. Da aka haɗa ta da farar Plymouth Rock, sai aka sami tushen kajin gidan gona na nama, irin waɗanda ake sayowa suna 'yan kwana ɗaya a Kano ko Kaduna, a yanka su cikin mako shida zuwa takwas.