Farfaɗo da MGB: Tsohon Kaya ko Sabon Ƙira?

Tun 1980 aka daina ƙera ƙaramar motar MGB a garin Abingdon na Ingila, don haka mai gyaranta hanya biyu gare shi.

Tsohon kaya na asali, irin wanda ake tsinta a kasuwar tsofaffin kayan mota ta Beaulieu a Ingila, yakan zauna daram a gurbinsa. Amma nemansa na cin watanni, kuma tsatsa kan ɓuya ƙarƙashin fenti, sai ka biya ka kankare sannan ka gani.

Sabon ƙira kuwa oda kawai za ka yi. Kamfanin British Motor Heritage na buga bodin motar da ainihin kayan aikin masana'antar. Ƙananan kayan kwaikwayo ne matsalar, wasu makunnan fitila ba sa ƙarko.

Ni dai kabureta ƙirar kamfanin SU da agogunan gaban direba, tsofaffi nake nema in gyara. Birki da robobi kuwa, sababbi kaɗai nake ɗaurawa.