Na'urar CD ta rubuta "No Disc": a wanke ido ko a canza shi?

Tsohuwar na'urar CD irin Sony ɗin nan na shekarun 1990 in ta fara tsallake waƙa ko ta ƙi karanta faifai, masu gyara da yawa kai tsaye za su ce maka ido, wato ɓangaren da ke haska faifai ya karanta shi, ya mutu sai an sa sabo. Ni dai ba na saurin yarda.

Wankewa kusan kyauta ce. Ka zare wuta, ka buɗe murfi, ka ɗan jiƙa auduga da sifirit ka shafa gilashin idon a hankali, kar ka danna don a kan wasu 'yan siraran wayoyi yake lilo. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta makantar da shi. Ka goge sandar da idon ke zamewa a kai ka sa sabon giris kaɗan, tsohon yakan daskare shi ne ma yake kawo tsallaken nan. In tiren sa faifai ne ya ƙi fita kuwa ba ruwan ido, yawanci bel ɗin robar da ke jan tiren ne ya saki.

Canza ido sai in an wanke har yanzu shiru. Dole lambar samfurin idon ta dace, KSS-240A ba zai zauna a gurbin KSS-213 ba, kuma jabu sun cika kasuwa, wani sabon tsohon naka ya fi shi lafiya wallahi. Sannan yawanci sabo yana zuwa da ɗigon dalma da ke kare shi daga lantarkin da ke taruwa a jikin mutum ko kaya, in ba a narkar an cire ba ba zai karanta komai ba, mutum ya zaci an cuce shi.

Tawa dai auduga da giris suka tashe ta.