Gargaɗi ga masu sayen zoben gwal na kwarmin kunne a intanet

Jama'a, musamman 'yan uwa mata, a yi hattara da wasu masu tallan 'yan kunne a Instagram da TikTok da WhatsApp. Ina magana ne a kan zoben nan da ake sawa a hujin kwarmin kunne, wanda yake ratsa guringuntsi ya zagayo ya rungumi gefen kunne. Hoto za ki gani tas, zobe sai ɗaukar ido yake a kunnen wata, an rubuta a ƙasa wai gwal ne zalla, ba ya koɗewa, ba ya sa ƙaiƙayi, kuma ya dace da kowane kunne. Wannan magana ta ƙarshe kaɗai ta isa ki janye hannunki, domin ba a taɓa ƙera zoben da zai yi wa kowane kunne daidai ba.

Abin da yawancinsu ke turowa tagulla ce ko ƙarfe mara tsatsa da aka yi wa ruwan gwal. Ruwan nan sau da yawa kaurinsa bai kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin 1000 na milimita. Sayar da irin wannan ba laifi ba ne idan an faɗa wa mai saye gaskiya. Damfarar tana cikin ɓoyewar. Gwal na ainihi da karat ake auna shi: karat 24 shi ne tsantsa, karat 22 ana buga masa 916, karat 18 kuma 750, karat 14 585, karat 9 375. Lambobin nan suna nuna yawan gwal ɗin ne a cikin kashi 1000. To sai ki lura da haruffan da ke biye da lambar. Idan kika ga 14K GP, ruwan gwal ne kawai aka zuba a kan wani ƙarfe. GF kuwa fallen gwal ne aka manna, wanda a ƙa'idar Amurka aƙalla kashi 1 ne cikin 20 na nauyin abin. In kika ga 925 a jikin abu ruwan ɗorawa, azurfa ce aka lulluɓe. Mai damfara ya san haka sarai, shi ya sa za ki ga ya ɗauki hoton ta yadda 14K ɗin zai fito ƙarara, haruffa biyun kuma su faɗa ƙarƙashin ɗan yatsansa ko su ɓuya a inuwa.

Kada ma tambarin ya ruɗe ki. Ƙarfen buga lambar sayar da shi ake yi, kowa na iya dankara 750 a jikin tagulla. Ɗan katin da suke haɗowa da shi a kwali suna ce masa takardar shaida, shi ma na'urar buga takardu ce ta fito da shi. A Birtaniya akwai doka tun 1973 da ta ce ofisoshin gwaji ne ke buga tambarin inganci, kuma guda huɗu ne: Landan, Birmingham, Sheffield da Edinburgh. Amma dokar ta ɗauke wa gwal ɗin da bai kai giram ɗaya ba, kuma siraran zobban kunne da yawa ba su kai ba. Saboda haka wanda ya ce miki kayansa daga Landan suke bai faɗa miki komai ba tukuna.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai cewa zoben nasa karat 24 ne, alhali irin mai ɗan maɓallin nan ne da ake buɗewa a rufe ya ce ƙas. Tsantsar gwal laushi gare ta, da hannu ma lanƙwasa ta ake yi, ina za ta riƙe maɓalli? Ƙungiyar ƙwararrun masu huji ta APP, da aka kafa a Amurka a 1994, gwal ɗin da ta yarda a sa a sabon huji shi ne mai karat 14 zuwa 18, wanda ba a gauraya shi da ƙarfen nikel ba, kuma ta cire mai ruwan gwal da mai falle da azurfa mai lulluɓi daga lissafi. Wanda bai san wannan ba, ko ya sani ya yi shiru, bai kamata ki ba shi kunnenki ba.

Dalilin da ya sa na ɗauki abin da zafi shi ne, asarar ba a kuɗi ta tsaya ba. Fatar kunne ta ƙasa, inda aka saba huji, tana da jini sosai, tana warkewa da wuri, tana kuma haƙuri da ƙarfe mara kyau zuwa wani lokaci. Guringuntsi ba haka yake ba. Ba shi da jijiyoyin jini na kansa, daga siririyar tantanin da ta lulluɓe shi yake samun abinci. Shi ya sa hujin kwarmin kunne ke ɗaukar wata 6 zuwa 12 kafin ya warke, wani ma ya zarce. Idan ruwan gwal ya goge a cikin ramin, kuma a nan yake fara gogewa saboda gumi da danshi da juyi, sai naman ya koma yana gogayya da abin da ke ƙasa. Tagulla ta bar kore ko baƙi a fata. Nikel kuwa, wanda ake yawan shimfiɗawa a ƙarƙashin ruwan gwal, yana cikin manyan abubuwan da ke sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje a duniya, kuma idan jiki ya fara ƙin sa, yawanci ya ƙi shi ke nan har abada. Tarayyar Turai sai da ta sa masa iyaka: abin da za a zura a huji kada ya saki nikel ya kai maikirogiram 0.2 a kowace murabba'in santimita a mako (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Mai ɗaukar hoto a ɗakinsa yana turo kaya ba sunan kamfani, wa ya auna nasa?

Idan wurin ya yi rauni haka, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa. Akwai wata da ake kira Pseudomonas aeruginosa, ita ce ta fi yawan kama guringuntsin kunne bayan huji. Kunne ya yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura, yana zogi, amma fatar ƙasa lafiyarta ƙalau. In aka yi sakaci mugunya ta taru tsakanin tantanin da guringuntsin, sai ta yanke masa abinci, ya mutu, kunnen ya tattare ya canza siffa, kuma ba ya komawa yadda yake. Duk wadda ta ga waɗannan alamu, balle da zazzaɓi, ta nufi likita a ranar. Shi zai yanke ko a cire zoben ko a bari, ba mai sayarwa ba, ba kuma ƙawa ba.

Sai maganar awo, inda suke cin na waɗanda ma suka yi sa'a ƙarfen bai cutar da su ba. Zoben kwarmin kunne lamba biyu gare shi: kaurin ƙarfen da faɗin cikin zoben. Kaurin da geji ake faɗarsa, kuma a juye take, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Geji 14 milimita 1.6 ne, geji 16 milimita 1.2, geji 18 milimita 1, geji 20 kuma 0.8. Yawanci da 16 ko 14 ake huda kwarmin kunne. Su kuwa sai su turo miki 20, suna cewa siriri ya fi tsari. Siriri ya fi musu riba dai, don ƙarfen kaɗan ne. A kunnenki kuwa, duk lokacin da gashi ko tawul ya fizge shi, yanka yake shiga yi kamar zare a sabulu, ramin kuma ya tsuke har asalin ɗan kunnenki ya ƙi komawa.

Faɗin kuma, masu sana'ar gaskiya na ciki suke faɗa, daga bango zuwa bango. Kunnuwa da yawa suna faɗawa tsakanin milimita 10 da 14, ya danganta da inda aka huda da kuma girman kunnen. Mai damfara sai ya auna ta waje ya rubuta 12. Ki cire kaurin ƙarfe sau biyu, 1.2 da 1.2, abin da ya rage miki 9.6 ne. Milimita biyu da ɗoriya a takarda ba komai ba ne, amma a kunne shi ne bambancin zoben da ya zauna lafiya da wanda ya shaƙe gefen kunne, ya danne ramin ta gefe ɗaya har wani ƙullutu ya fito. Hanyar da ta fi ita ce ki je wurin wanda ya huda miki ya auna da ma'auninsa, daga ramin zuwa bakin kunne, ya ƙara milimita ɗaya ko biyu don kunnen ya sarara. Abin minti biyu ne.

Akwai kuma waɗanda ke haɗa miki zoben da allura da ɗan ruwan wanki su ce ki huda a gida, ko ki kai a huda miki a sa zoben nan take. Ba a fara hujin nan da matsattsen zobe. Da miƙaƙƙen tsinke mai faffaɗan baya ake farawa, na gwal mai kyau ko na ƙarfen titaniyam irin wanda ake dasawa a jiki, mai lambar ASTM F136, a bar masa tsawo saboda kumburi, in ya saɓe a canza gajere. Zobe juyawa yake yi, yana jan busasshen ruwan miki yana shigar da shi ciki, in kika kwanta a kansa kuma ya karkatar da ramin. Sai wurin ya warke sarai ake sa shi.

Ki gwada tambayar ɗaya daga cikinsu ki ga. Ki rubuta: karat nawa ne, gwal ne har ciki ko ruwa ne, geji nawa, faɗin ciki milimita nawa, nauyinsa giram nawa, wane kamfani ya ƙera? Mai gaskiya a layi biyu zai ba ki amsa, don a rubuce suke a wurinsa. Wancan kuwa sai ya ce, haba Hajiya, kayanmu ba irin na kasuwa ba ne, duk wadda ta saya sai ta dawo. Ki sake tambaya, ya turo miki bidiyon zoben yana juyi a ƙarƙashin fitila. Ki tambaya karo na uku, ya ce saura guda biyu, kuma rangwamen yau zai ƙare. Araha ba ta ado. Gwal farashinsa a bayyane yake a duniya kullum, da giram ake lissafa shi, babu mai sayar miki da shi ƙasa da kuɗin ƙarfen saboda yana son ki.

Bayan kaya sun iso ne ake shiga zagaye na biyu. Kin koma kin ce kunne na ƙaiƙayi, sai a ce jikinki ne, ko ba kya wankewa yadda ya kamata, ga wani mai na musamman ki saya. Kin ce ya matse, sai a ce ke kika zaɓi lambar, ki sayi na gaba da shi. Kin ce a mayar miki da kuɗinki, sai a ce ba a karɓar ɗan kunne saboda tsafta. Wannan ƙa'ida gaskiya ce a shagunan kirki, amma ba ta shafi kayan da aka yi ƙarya a kansu ba. In kika matsa, sai a toshe ki, bayan 'yan kwanaki shafin ya sake suna ya ci gaba da hotunan nan dai. Hotunan ma galibi na sata ne. Ki sa ɗaya a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto yake a intanet, sau da yawa za ki tarar da shi a shafin wani kamfanin da bai san da zamansu ba. Ki duba kuma ko sun rufe wurin sharhi, ko yabon duk a rana ɗaya aka zuba shi, ko sunan asusun da za ki tura kuɗi ya bambanta da sunan shagon.

Wadda ta riga ta saya tana iya dubawa kafin ta sa. Ki buɗe zoben ki haska kyamarar waya a kan maɓallin da bakin da yake shiga, ki ƙara girman hoton. A nan ƙarfe ke gogar ƙarfe, kuma a nan za ki fara ganin wani launi daban yana leƙowa, fari-fari ko ja-ja, wani lokaci har da ɗan ɓawo da ya ɗago. Ki shafa yatsa a mahaɗar: in akwai kaifi ko tazara, wannan wurin ne zai riƙa ratsa ramin yana karce shi. Maganaɗisu na taimakawa ta fuska ɗaya kawai. In ya kama, ba gwal ba ne, amma in bai kama ba ba a gama ba, don tagulla ma ba ta kamuwa. Tabbaci yana wurin maƙerin gwal, wanda zai goga shi a dutsen gwaji ya ɗiga ruwan asid. Ki ce masa ya goga ya wuce sama-sama, don ko na'urar XRF mai gwada ƙarfe da haske saman abu ta fi karantawa, falle mai kauri na iya yaudarar ta. Akwai kuma ruwan gwajin nikel da ake ɗigawa a auduga a goga, in ta koma ruwan hoda to akwai shi.

Ni a ganina, in kuɗin gwal na ainihi bai samu ba tukuna, titaniyam ya fi jabun gwal sau dubu. Ana ma iya sauya masa launi da lantarki ya yi ruwan ɗorawa ba tare da an shafa masa wani ƙarfe ba. Wadda kuma ado kawai take so na biki, akwai zoben maƙalawa da ake matsa shi a gefen kunne ba huji, kamanninsu ɗaya daga nesa, kuma a nan ruwan gwal ba shi da wata babbar illa tunda bai shiga nama ba. Zobe mai duwatsu a gaba yana da kyau a hoto, sai dai nauyi na juyar da shi ƙasa, kuma duwatsun da aka liƙa da gam ba sa daɗewa.

Wadda aka riga aka cuta ta adana hoton tallan da hirar da shaidar biyan kuɗi tun kafin a goge su. Ta karɓi sakamakon gwajin a rubuce daga maƙerin, ta kai wa bankinta ko manhajar da ta biya ta ciki da wuri, don neman a dawo da kuɗi yana da wa'adi. Ta kuma kai ƙarar shafin a dandalin da ta gan shi, da hotunan a haɗe.